Alkawarin Amsa Ɗari

Arequipa, 12 ga Janairu, 1997

Zuwa ga Kawu Baldomero,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata takardar nan ta same ku lafiya, kai da Inna Eulogia da ƙanwata Zenobia. Yaya hannuwan Inna? Direba Melquiades ya ce har yanzu ba ta iya riƙe mazari da safe. Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau, sai idanu da hasken inji yake ci. Cukun da kuka aiko ya iso, na gode. Uwar ɗakina Doña Petronila ta yanki rabi tun ban ajiye shi ba.

Kawu, ka ce tunda ina aiki a ƙofar jami'a in tambayo yadda Zenobia za ta shiga karatun lauya. Ni dai ba cikin jami'ar nake ba. Rumfarmu tana tsallaken titi, injin fotokwafi nake dannawa, shekara shida ke nan. Amma kusan duk takardar da za ta shiga ƙofar nan sai ta bi ta hannuna, don haka abin da zan faɗa maka da idona na gani.

Na farko ba mai daɗi ba ne. Gaskiya ne wanda ya zo na ɗaya a makarantarsu yana da tasa ƙofar daban, da 'yar jarrabawa mai sauƙi. Sai dai shekara biyu kawai ƙofar take yi a buɗe bayan an gama sakandare, ita kuwa Zenobia shekararta uku da gamawa. Sau biyu na je tagar ofis. Na ce wa matar da ke wurin jinyar mahaifiyarta yarinyar ta tsaya yi. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Kowa da abin da ya tsaya yi, bawan Allah. Na baya ya matso!" To sai dai jarrabawar kowa da kowa, ranar Lahadi sha shida ga Maris.

Ta taho da sakamakon shekara biyar na sakandare, kuma sa hannun shugaban makaranta kaɗai bai isa ba, sai da hatimin ofishin ilimi na gunduma. Ta taho da takardar haihuwa ta asali. Hoto a nan za mu ɗauka, don ba sa karɓar mai hula, ko da irin ta matanmu ce, kuma kunne sai ya fito. Bara na ga wata 'yar Puno an koro ta daga layi saboda hula, ta zauna a bakin rumfarmu tana kuka.

Jarrabawar tambaya ɗari ce cikin awa uku. Kowace tambaya da amsa biyar a ƙarƙashinta, mutum ya zaɓi ɗaya ya cike ɗan da'irar da fensir. Ba ruwansu da cewa lauya take so ta zama, har lissafi da kimiyya za a tambaye ta. Wanda ya dace maki huɗu. Wanda ya kuskure a cire masa biyu. Wanda ya bari ba a ba shi, ba a cire masa. Wannan na ƙarshen a riƙe shi da kyau.

Gurbi arba'in ne. Bara mutum ɗari tara da wani abu suka nema, ni na kwafi jerin sunayensu.

A gaida Inna. Doña Petronila ta ce Zenobia ta sauka a ɗakin 'yarta.

Ɗanku,
Nicanor

*

Pucasaya, 26 ga Janairu

Nicanor, ɗana,

Mun ga takardarka. Muna lafiya, innarka da sauƙi, ruwa ya yi yawa bana, dankalin ƙasan kwari ya fara ruɓewa.

Maganar ƙofar da aka rufe ta yi mini ciwo. Shekara ukun nan ba wasa yarinyar ta yi ba. Amma na saba da mutanen taga, ban yi mamaki ba.

An buga hatimin. Za ta taho da Melquiades ranar Alhamis. Ka sani sau ɗaya ne. Innarka ba za ta iya da kiwon alfaka, dabbobin ulunmu, da girki ita kaɗai ba, ni kuma ƙafa ta fara ƙi. Na ce wa Zenobia in ta samu, za mu san yadda za mu yi. In ba ta samu ba, ta dawo, maganar ta ƙare.

Zancen a bar tambaya ba amsa kuwa, ban yarda da shi ba. Dabara ce ta tsorata 'ya'yan ƙauye su yi shiru, 'yan birni su wuce. Ba ka je kotu ba ranar shari'ar ruwanmu, ba ka gani ba. Alƙali ya yi mini tambaya, ban gane ba sosai, na tsaya riƙe da hula na yi shiru. Magatakarda ya rubuta cewa ban musa ba. Shirun nan ne ya raba mu da rabin ruwan magudana har yau. Zenobia tana bayana a ranar, shekararta tara. Abin da ya sa take son karatun nan ke nan.

Saboda haka yau bayan addu'a na kai ta gaban siffar Budurwa Mai Tsarki, Uwarmu ta Chapi, a coci, ta ɗora hannu, ta yi alkawari ba za ta bar tambaya ko ɗaya ba amsa ba. Ɗari aka tambaya, ɗari za ta amsa. Hankalina ya kwanta.

Ka kula da ita wajen tsallaka titi.

Kawunka,
Baldomero Huamaní

*

Arequipa, 9 ga Fabrairu

Kawu,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Allah ya tsayar da ruwan haka, ya bar muku dankalin tudu. Zenobia ta iso lafiya, sai amai da ta sha a hanya. An karɓi takardunta. Mun yi awa biyar a layi, mai hoto ya sa ta cire hula, ta ce ji take kamar an fito da ita ba riga.

Kawu, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ba gardama nake yi da kai ba.

Ina da tsofaffin jarrabawoyi na shekarun baya da amsoshinsu, muna kwafa wa masu shiri. Na zaunar da ita a bayan rumfa da agogon Doña Petronila, ta yi jarrabawar bara. Wajen karatu da tarihi da fahimtar magana, wallahi ban ga mai saurinta ba, kuma na ga yara da yawa. Amma da ta zo kan kimiyya sai fensirin ya tsaya. Ta ce ba a taɓa turo musu malamin wannan ba, shugaban makaranta ne yake shigowa ya karanta musu littafi ya fita. Duk da haka ta cike su duka, saboda alkawari.

Na duba mata sau biyu. Da na ƙirga waɗanda ta amsa da saninta kaɗai, ta wuce makin da aka tsaya bara da sha biyu. Da na haɗa da talatin ɗin da ta yi canki-canka, sai ta faɗo ƙasa da shi da sha biyu. Yarinya ɗaya, takarda ɗaya. Abin ba wuya, Kawu. In mutum ya canki biyar, da ƙyar ɗaya ta dace. Ya samu huɗu, an cire masa takwas.

Na nuna mata. Ta ce, "Malam Fotokwafi, kai da ka tsaya a aji shida na firamare za ka koya mini jarrabawa?"

Na ce, "Ban taɓa shiga ba, amma shekara shida ina tsaye inda masu fitowa suke tsayawa."

Ta ce, "To me suke cewa?"

Na ce, "Wanda ya fito yana cewa na cike duka, ban cika ganinsa ya dawo kwafar takardun rajista ba. Mai fitowa yana cizon yatsa yana cewa ya bar ashirin da biyar, shi nake gani."

Doña Petronila tana jin mu, ta ce, "Ke 'yar nan, saurari wannan. Bai iya komai ba sai kallon mutane, amma wannan ɗin ya iya."

Zenobia ta yi dariya, daga baya ta daina. Ta ce, "Na gane lissafin, Yaya Nika, ba jaka ba ce ni. Amma na ɗora hannu." Na ce mu je wurin fada, limamin coci, a nan ya warware mata. Ta ce ba fada ne ya sa ta ba, Baba ne, shi kaɗai zai sake ta.

To ga ni na zo gare ka. Abin da ya faru a kotu gaskiya ne, kuma na ji zafinsa. Amma a can mutum ne ya rubuta shirunka yadda ya ga dama. A nan inji ne yake duba takarda, bai san ɗan ƙauye ba bai san ɗan birni ba, kuskure kawai yake cirewa. Layi ɗaya nake roƙo, Kawu. Ka rubuto ka ce ka sake ta.

Ɗanka,
Nicanor

*

Arequipa, 27 ga Fabrairu

Kawu,

Ina gaisuwa. Kwana sha takwas ba mu ji daga gare ku ba. An ce dutse ya zaftaro ya rufe hanya, motar Melquiades tana can ta wancan gefen. Ban ma sani ba ko takardata ta tara ga wata ta riga zaftarewar wucewa. Wannan zan ba wani mai kai gishiri, ya ce da alfadari zai ƙarasa.

Muna lafiya. Zenobia tana karatu, amma ta rame. Kullum da safe sai ta biya ofishin mota kafin ta zo rumfa. Mai ofishin har ya gane ta, tun daga nesa yake girgiza mata kai. Ta sake gwada jarrabawar bara waccan, abin da ya faru da ta farko shi ya faru. Yanzu ta daina bari in yi mata ƙirge na biyun, mai haɗe da canki-canka.

Jiya na gan ta da littafin kimiyya da ta aro, tana so ta haɗiye karatun shekara uku cikin mako biyu. Ta ce in ta koye su ai ba canki-canka za ta yi ba. Na gaji da faɗa, ita ma ta gaji da ji.

Idan ta farko ba ta iso ba, abin da ke ciki shi ne: ka sake ta daga alkawarin amsa ɗari. Kwana sha bakwai suka rage.

Nicanor

*

Pucasaya, 4 ga Maris

Nicanor,

Takardunka biyu sun same ni. Muna nan da rai. Katangar garke ta faɗi, mun ɗaga.

Na karanta ta farkon sau uku. Ka rubuta da hannunka cewa 'yata, wadda ta zo ta ɗaya shekara biyar a jere, ba ta san tambaya talatin ba. Ka zaunar da ita a gaban matar da kake yi wa aiki kuna auna ta kamar buhun dankali. Na aiko ta ka ƙarfafa mata gwiwa, kai kuma tun ba ta shiga ba kana koya mata yadda ake sunkuyar da kai. Ban ce da mugun nufi ka yi ba. Ka daɗe a bakin ƙofar mutanen nan, ka fara ganin mu da idonsu.

Kuma alkawarin ba da ni ta yi ba, da Uwarmu ta yi. Wanda ya shiga da ita ba zai fito da kunya ba. In an cire biyu, ita ta san yadda za ta mayar.

Ban sake ta ba. Ka karanta mata wannan yadda na rubuta.

Baldomero Huamaní

*

Arequipa, 18 ga Maris

Kawu Baldomero,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Allah ya sa gyaran garken ya riƙe. A jakar Melquiades akwai takarda biyu, tawa da ta Zenobia. Na roƙe shi ya ba ka tawa ka fara karantawa.

Ta samu. Ita ce ta talatin da takwas cikin arba'in. Na fara da wannan don ka zauna, saboda sauran ba zai yi maka daɗi ba.

Takardarka ta iso ranar Juma'a da rana, saura kwana biyu, a motar farko da ta wuce bayan an buɗe hanya. Melquiades da kansa ya kawo mini rumfa. Na karanta a tsaye, ga layin masu jiran kwafi har bakin titi. Na ninke na sa a aljihun riga. Ban gama kwafin mutum uku ba sai ga ta, ta ji labarin motar ta shigo, tana haki.

Ta ce, "Baba ya rubuto?"

Na ce, "Ya aiko da baki. Ya ce ya sake ki."

Ta ce, "Da baki? Baba?"

Na ce, "Sauri ake yi, mota za ta tashi."

Ta tsaya tana kallona. Idonta ya sauka kan aljihun, ya tashi. Ban sani ba ko ta ga bakin takardar. Ta ce, "To," ta zauna a kan kwalin takardu, ta rufe fuska da hula, ta daɗe a haka. Doña Petronila ta dube ni ta ce, "Kai, injin ya tsaya ne ko kai ne ka tsaya?" Na ci gaba da dannawa.

Ƙarya na yi, Kawu, da sunanka. Ba mantuwa ba ce, ba kuma rashin fahimtar abin da ka rubuta ba. Na fahimta sarai. Na yi tunanin in na karanta mata, za ta cike ɗari, ranar Litinin mu tsaya a gaban bango mu nemi sunanta a shafi na biyar, ranar Alhamis in ɗora mata kaya a mota. Na ga irin wannan ya ishe ni. Ban iya ganin nata ba.

Ranar Lahadi tun ƙarfe shida muna layi. Iyaye sun cika titi, masu sayar da fensir suna rantsuwa nasu fada ya sa wa albarka. Ba a shiga da komai sai fensir da katin shaida. A ƙofa wata ma'aikaciya ta ɗaga mata kitso ta leƙa kunnuwanta. Hularta a hannuna ta zauna awa huɗu. Wani uba kusa da ni ya tambaye ni ko 'yata ce, na ce ƙanwata. Ya ce nasa ɗan karo na huɗu ke nan, ya ce shi yanzu ko addu'ar ma a zaune yake yi.

Da ta fito na miƙa mata hularta, muka taka har kwanar titi. Sannan ta ce, "Talatin da ɗaya na bari, Yaya. Ina fitowa ina jin kamar na rufe garke na bar dabbobi a waje." Ta ce saura minti goma ta gama, tana zaune tana kallon da'irorin nan farare, hannunta yana son ya cike su, sai ta zauna a kan hannun.

Jiya da safe aka liƙa sakamako a bango. Ba ta iya matsawa ba saboda turereniya, ni na kutsa. Tsakaninta da wanda ya zo na arba'in da ɗaya maki shida ne. Da ta canki ko goma daga cikin waɗancan, ina jin da yanzu kaya muke ɗaurewa. Ban faɗi haka don in wanke kaina ba. Ko da ta faɗi, wannan takardar zan rubuta maka.

Doña Petronila ta fasa mata ƙwai a ka, ta yanke bakin kitsonta da almakashin rumfa yadda ake yi wa sababbin shiga. Ta yi kuka, ta yi dariya, ta tafi ta rubuta maka. Ban ga abin da ta rubuta ba, amma na san godiya ce.

Takardarka tana nan wurina. In ka ce in ba ta, zan ba ta, in gaya mata da bakina. In ka ce kada in sake taka gidanka, zan ji, ba zan ce ka zalunce ni ba. Na gaji ƙwarai, Kawu, kuma ban ji daɗin da na zaci zan ji ba.

Ɗanka,
Nicanor

*

Pucasaya, 6 ga Afrilu

Nicanor,

Muna lafiya. An fara haƙar dankali, rabi ya tsira.

Melquiades ya faɗa mini wadda zan fara buɗewa. Ban ji maganarsa ba. Wane uba ne zai ga rubutun 'yarsa ya ajiye ya buɗe na wani? A bakin shago na buɗe, mutane suna tsaye, na karanta da ƙarfi. Aka yi ta ihu, aka aika a kira innarka. Ina cikin karantawa na zo inda ta ce ta gode da na sake ta, ta san abin da ya ci mini kafin in faɗi haka, kuma ba za ta manta ba har ta mutu. A gaban mutane na karanta wannan. Suka yi ta dafa mini kafaɗa suna cewa na yi hankali. Na yi shiru. Sau biyu ke nan a rayuwata ana rubuta mini abin da ban ce ba ina tsaye.

Taka a gida na karanta. Na bar ta mako biyu ban amsa ba, don abin da zan rubuta a lokacin ba na takarda ba ne.

Ka yi ƙarya da sunana. Sakamakon bai goge wannan ba, kuma ban ce na yafe ba. Waccan takardar tawa ka ƙona ta. Kada ka gaya wa yarinyar komai, ta yi karatunta da zuciya ɗaya. 'Yar maƙwabciyarmu Fortunata za ta riƙa taya innarka da dabbobi.

Saura alkawarin, don shi bai san ƙarya ba, an yi shi kuma ba a cika ba. Na gaya wa fada duka. Ya ce ba laifi a kan wadda aka ruɗa. To ranar ɗaya ga Mayu zan zo, mu taka zuwa Chapi, wurin Uwarmu, da ƙafa tare da masu ziyara, ni da kai, mu ɗauki duwatsu mu ajiye a hanya yadda ake yi. Talatin da ɗaya ne, kowace tambaya da dutsenta. Ka nemi izini a wurin matar nan tun yanzu, ka nemi takalmi mai ƙwari.

Na so in ɗora maka su duka. Innarka ta ce wanda ya kama hannun yarinya ya ɗora shi ma yana da rabonsa, ta kuma ƙi zuba mini abinci sai da na amsa. To ni sha shida, kai sha biyar.

Naka ni zan zaɓo su.

Kawunka,
Baldomero